Rabin da Wan-ju Ta Ƙi Sayarwa

A garin Chiayi akwai wata yarinya mai suna Wan-ju. Shekarunta goma sha biyu, tana aji shida a firamare. Iyayenta suna da ɗan shagon abincin safe a bakin kasuwa. Suna sayar da madarar waken suya mai zafi, da awara, da wainar ƙwai. A saman shagon suke zaune.

Kowa a layin ya san Wan-ju da taurin kai. Idan ta ce a'a, magana ta ƙare. Akwai ranar da hadari ya haɗu, Mama ta ce ta ɗauki laima, ta ƙi. Ta je makaranta a jiƙe, ta dawo a jiƙe, kuma ta dage cewa ruwan bai taɓa ta ba.

Duk Sabuwar Shekara, manya suna ba yara kuɗi a cikin jajayen ambulan. Wan-ju tana samun nata daga Kaka, da kawunai, da gwaggonni, har da wasu tsofaffin masu sayen awara. Amma kuɗin ba ya daɗewa a hannunta. Tun tana 'yar ƙarama Mama ta buɗe mata asusu da sunanta. Idan biki ya wuce, sai Mama ta karɓi ambulan ɗin, ta bar mata na alewa, ta zuba sauran a asusun.

Asusun irin wanda yake sayen hannun jari ne a manyan kamfanonin ƙasar gaba ɗaya, kowane kamfani ɗan kaɗan. Ba ya zaɓen gwani. Duk inda kasuwa ta bi, nan yake bi. Masu kula da shi ba su da wani babban aiki, don haka ladan da suke cira a shekara ɗan ƙanƙani ne. Mama tana ce masa asusun kasuwa duka.

Wan-ju ba ta son asusun nan ko kaɗan. Ƙawayenta suna sayen takalma da jakunkuna da kuɗin ambulan ɗinsu. Ita kuwa idan ta tambayi nata, sai Mama ta ce suna can suna girma. Idan ta leƙa wayar Mama, sai ta ga lambar ta ɗan motsa, kamar tafiyar dodon koɗi.

Akwai kuma abin da yake damun ta, wanda ba ta faɗa wa kowa ba. Injin niƙan shagon ya tsufa. Baba ne yake ɗaukar manyan bokitai na jiƙaƙƙen wake ya zuba a injin, ya kuma ɗauki niƙan ya kai tukunya. Bayansa ya fara ciwo. Wan-ju ta sha ganin ya dafa ƙugu idan ya ɗauka babu mai kallon sa. Ta kuma ji shi yana gaya wa Mama cewa akwai sabon inji mai niƙa, ya tace, ya dafa, ba tare da an ɗauki komai ba. Sai dai tsadarsa ta fi ƙarfinsu a yanzu.

A wannan shekara, an taru cin abincin biki a gidan Kaka. Kawu Chin-fa, ƙanen Mama, shi ne ya cika gidan da surutu. Direban tasi ne, mai fara'a da yawan kyauta. Yana kiran Wan-ju Ƙaramar Shugaba, kuma ita ma tana ji da shi.

Kawu ya fito da wayarsa, ya nuna wa kowa. Lambobin duk jajaye ne, wato farashi yana hawa. Ya ce wani fasinja mai kwat ne ya ba shi sirri a kan wani kamfanin da yake ƙera batirin babur. Ya sayi hannun jarinsa, kuma kafin damina ta wuce kuɗinsa sun ninka. Ya ce nan gaba kaɗan zai ajiye tasi ya koma kamun kifi.

Ya juya ya kalli Mama. "Yaya, har yanzu kina nan da asusun tsofaffin nan naki? Kafin kuɗin yarinyar nan su ninka, ai furfura ta cika mata kai."

Aka yi dariya. Mama ta ci gaba da ɓare lemo.

Wan-ju kuwa ba ta yi dariya ba. Lissafi take yi a ranta. Idan kuɗinta suka ninka, suka sake ninkawa, injin Baba ya samu.

Da biki ya wuce, Mama ta miƙo hannu kamar yadda ta saba. Wan-ju ta ɓoye ambulan ɗin a bayanta.

"Mama, kuɗin nan nawa ne ko ba nawa ba?"

"Naki ne."

"Na cikin asusun fa?"

"Su ma naki ne."

"To me ya sa ba ni da ta cewa a kansu?"

Ta ce tana so a sayar da komai, a saya mata kamfanin Kawu. Mama ta ce ba za ta yi ba. Ta ce kamfani ɗaya yana iya faɗuwa, kuma maganar fasinja a cikin tasi ba abin dogaro ba ce. Wan-ju ta ce Mama tsoro take ji kawai, kuma mai tsoro ba ya samun komai.

Daga ranar ta shiga yajin aiki. Ta daina goge tebura kafin ta tafi makaranta. Ta daina shan madarar shagon, ta koma sayen burodi a hanya. Idan Mama ta yi mata magana, sai ta amsa da kai. Masu sayen awara suna tambaya ko Ƙaramar Shugaba ba ta da lafiya ne, sai Mama ta ce lafiyarta ƙalau, bakinta ne ya tafi hutu.

Baba ne ya gaji. Wata rana da suka rufe shago, ya ce wa Mama ta ƙyale yarinyar ta gwada. Ya ce akwai abin da baki ba zai koya wa Wan-ju ba, kuma gara ta koya yanzu da kuɗin ambulan, da ta koya nan gaba da kuɗin gida. Mama ta auna maganar. Daga baya ta kira Wan-ju.

"Rabi zan sayar, ba duka ba," in ji Mama. "Zan haɗa da na bana in saya miki kamfanin. Idan ya hau, naki ne. Idan ya faɗi, naki ne. Ba na son in ji an ce laifin Kawu ne, ko nawa."

"Na yarda."

"Kin ji da kyau?"

"Na ji. Kuma za ki gani."

Da farko kam Mama ta gani. Farashin kamfanin ya yi ta hawa. Kullum idan Wan-ju ta dawo daga makaranta, sai ta karɓi wayar Mama ta duba. Ja, ja, ja. Sai ta ajiye wayar a gaban Mama a buɗe, ta wuce sama tana waƙa. Kawu yakan tsaya da tasinsa a ƙofar shago ya danna ham, su ɗaga wa juna hannu kamar abokan kasuwanci.

A makaranta ma babu wanda bai ji labari ba. Wan-ju ta gaya wa 'yan ajinsu cewa ita yanzu mai kamfani ce. Maganar ta kai kunnen Malama Kuo, malamar lissafi. Malama ta ce a gaban aji abin kirki ne yaro ya san hannun jari, amma wanda ya ɗora kuɗinsa a kan kamfani ɗaya, ya shirya wa duk abin da ya samu kamfanin.

Wan-ju ta ɗaga hannu. "Malama, ke kina da hannun jari?"

Malama ta ce tana da shi, irin na kasuwa duka.

"Naki ya taɓa hawa kamar nawa a wata biyu?"

"Bai taɓa ba."

"To kin gani."

Wasu yara suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Malama Kuo ta kalle ta ta saman tabarau, ta ce kowa ya buɗe littafinsa.

Wata safiya Wan-ju tana saka takalmi, sai ta ji sunan kamfanin a talabijin ɗin shago. Batirinsa ya kama da wuta a babura da yawa. Mutane sun ji rauni. Bayan 'yan kwanaki aka gano cewa shugabannin kamfanin sun daɗe da sanin matsalar, suka ɓoye.

Lambar da ke wayar Mama ta koma kore, wato farashi yana sauka. Washegari ma kore. Wan-ju ta kira Kawu, ya ce kada ta damu, masu wayo yanzu suke ƙara saye. Mama ta tambaye ta ko tana so a sayar a tsira da abin da ya rage. Ta ce a'a, zai dawo. Ba ta so Mama ta ga ta ja da baya.

Bai dawo ba. Ya yi ta sauka har hukuma ta dakatar da cinikin kamfanin gaba ɗaya. Daga baya aka rufe masana'antar. Rabin kuɗin da aka tara wa Wan-ju tun tana ƙarama, da ambulan ɗin bana, duk sun tafi.

Kawu ya daina danna ham a ƙofar shago. An ce yanzu yana tuƙi tun safe har yamma ba hutu, don ya zuba kuɗinsa masu yawa a kamfanin.

A makaranta yara suka samu abin tsokana. Idan ta shigo aji, sai wani ya ce a ba mai kamfani hanya. Wani ya zana babur yana hayaƙi a allo. Wan-ju ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta goge allon da kanta, ta koma ta zauna, fuskarta a ɗaure.

Kamar abin bai isa ba, sai kasuwa gaba ɗaya ta fara sauka. Ƙasashen waje sun rage sayen kaya, masana'antu sun rage aiki. Talabijin ba ya maganar komai sai faɗuwar farashi. Masu shan madara a shago kowa yana duba waya yana tsaki. Wan-ju ta leƙa asusun kasuwa duka, ta ga shi ma ya zama kore. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya ragu.

Ta sami Mama tana wanke tukunya.

"Mama, ki sayar da sauran. Ki sayar yau, kafin shi ma ya tafi."

Mama ta ɗauraye hannu, ta ce ta zo ta raka ta sayen albasa.

Suka bi ta cikin kasuwa. Mama ba ta yi sauri ba. Ta tsaya a gaban wani shago da aka rufe, ta tambayi Wan-ju ko ta tuna abin da ake sayarwa a nan. Wan-ju ta tuna. Shagon shayi mai ƙanƙara ne. Bara layin masu saye har ya kai bakin titi. Yanzu ƙofar ƙarfe ce a rufe, an manna takardar neman mai haya.

Suka wuce mai kifi, da mai gyaran takalma, da matar da take sayar da dafaffiyar shinkafa da naman talotalo. Ciniki ya yi sanyi a ko'ina, amma kowa yana bakin sana'arsa. A kusurwa wasu samari suna fentin wani sabon shago.

"Da kin sa kuɗinki a shagon shayin nan kaɗai, da yanzu ba ki da komai," in ji Mama. "Amma a ce kina da ɗan kaso a kowane shago na kasuwar nan. Wannan ya rufe, wancan ya buɗe. Bana ciniki ya yi sanyi, to kasonki ya rage daraja. Amma kasuwar ta tashi?"

Wan-ju ta duba hagu da dama. Ta ce ba ta tashi ba.

"Asusunki ke nan. Kamfanonin da ke cikinsa suna nan suna aiki. Idan ɗaya ya lalace, a cire shi a sa wani."

"Kin tabbata zai dawo?"

"Ban tabbata ba. Babu wanda ya yi mini alkawari. Na dai ga ya faɗi a baya, lokacin kina goye, na bar shi, ya tashi. Kuma ke ba gobe za ki buƙaci kuɗin nan ba. Kina da shekaru a gabanki."

Mama ta sayi albasarta. A hanyar dawowa ta ce wa Wan-ju rabin da ya rage ma nata ne. Idan ta ce a sayar, za a sayar, ba za a yi faɗa ba.

Wan-ju ta bi bayan Mama har suka kusa gida. Tana tunanin abu guda. Lokacin da kowa yake ihun a saya, ta saya. Yanzu kowa yana ihun a sayar, kuma ga ta tana shirin sayarwa. Ita da take alfahari babu mai juya ta, ashe duk inda hayaniya ta yi nan take bi. Abin ya ba ta haushi ƙwarai.

"Kada ki sayar," ta ce.

"Ko ya ƙara faɗuwa?"

"Ko ya ƙara faɗuwa."

A ƙofar shago ne ta fashe da kuka, karo na farko tun da abin ya faru. Ta gaya wa Mama da Baba dalilin da ya sa ta dage tun farko. Ta ce inji take so ta saya wa Baba, saboda bayansa.

Baba ya ajiye abin da yake yi, ya zauna a kujerar masu cin abinci, ya jawo ta kusa. Ya ce ya gode, amma injin shago nauyinsa ne shi da Mama, kuma suna ware masa kuɗi kaɗan-kaɗan. Ya ce idan tana son ta taimaki bayansa, akwai ƙananan bokitai biyu a bayan ƙofa, ta riƙa raba waken tana kawo masa kafin ta tafi makaranta.

"Da kin tambaye ni, da na gaya miki tun tuni," in ji Baba. "Kyauta ne, kuma ba ya kamawa da wuta."

Wan-ju ta yi dariya da hawaye a fuskarta. Ta ba Mama haƙuri. Washegari ta sha madarar shago, ta ɗauki bokiti.

Akwai sauran mutum ɗaya da ya kamata ta gani. Da aka tashi daga makaranta, ta tsaya har aji ya watse, ta je teburin Malama Kuo. Ta sunkuya, ta ce ta yi rashin kunya ranar nan, a yafe mata. Malama ta ce ya wuce. Ta ce ita ma nata asusun ya faɗi, amma albashi na fita za ta ƙara zuba abin da ta saba zubawa, don yanzu da kuɗi kaɗan ake samun kaso mai yawa.

Wan-ju ta tambaye ta me ya sa Mama take yawan yabon ƙarancin ladan da masu kula da asusun suke cira. Ita a ganinta ɗan abu ne.

Malama ta ɗauki alli. Ta zana bokitai biyu a allo, ɗaya da ƙaramin rami kamar na allura, ɗaya da rami kamar na ƙusa. Ta ce a rana ɗaya ba za a ga bambanci ba. Sai ta ba Wan-ju allin, ta sa ta lissafa da kanta: kuɗi iri ɗaya, girma iri ɗaya, amma ɗaya ana cire masa lada kaɗan duk shekara, ɗayan ana cire mai yawa. Wan-ju ta yi ta lissafi, shekara bayan shekara, har allon ya cika. Da ta kai shekara talatin, ta ja da baya ta kalli lambobin biyu. Tazarar ta ba ta mamaki, har ta sake lissafin don ta ɗauka ta yi kuskure. Ba ta yi ba.

Sabuwar Shekara ta sake zagayowa, kasuwa ba ta farfaɗo ba. A gidan Kaka hirar duk ta asara ce. Wata gwaggo ta ce ita ta sayar da komai, ta huta. Mijinta ya ce duk wanda ya bar kuɗinsa a kasuwa yanzu bai san ciwon kansa ba.

Kawu Chin-fa ya rame, amma bakinsa yana nan. Ya ce ya gane kuskurensa: bai kamata ya yi zaɓi da kansa ba. Yanzu ya samu wani asusu da wani gwani yake gudanarwa, mutumin da ake nunawa a talabijin, wanda ya san lokacin saye da lokacin sayarwa. Ya ce wa Wan-ju ta kwashe ɗan abin da ya rage mata ta biyo shi, su rama asararsu tare.

Wan-ju ta ajiye tsinken cin abincinta. "Kawu, nawa gwanin yake cira a shekara?"

Kawu ya ce ɗan kaɗan ne. Ta ce tana son ta ji lambar. Ya duba waya, ya faɗa. Ladan ya ninka na asusunta fiye da sau goma.

"Idan aka yi asara fa, yana cira?"

Kawu ya sosa ƙeya, ya ce yana jin haka ne.

"To ba zan zo ba."

Gwaggo ta ce yarinya ta yi hankali, kada ta sake jefa kuɗin biki a rami. Mijinta ya ce a ƙalla ta jira kasuwa ta fara hawa. Kowa ya sa baki. Wan-ju ba ta sunkuyar da kai ba.

"Bara na bi surutu, na ga inda ya kai ni," ta ce. "Bana duk ambulan ɗin da aka ba ni, asusun kasuwa duka za shi. Ba zan taɓa shi ba sai na girma."

Kawu ya ciro jan ambulan daga aljihu, ya kaɗa shi a sama. Ya ce idan asusun tsofaffi za ta kai, to shi nasa ba zai bayar ba.

"Riƙe abinka, Kawu. Na gode."

Sai Kaka ta miƙa hannu ta fizge ambulan ɗin, ta ɗan buga wa Kawu shi a ka, ta miƙa wa Wan-ju. Ta ce ƙaton mutum da shi yana ciniki da kuɗin yara a ranar biki. Kowa ya fashe da dariya, har Kawun.

Da suka koma gida, Wan-ju ba ta jira Mama ta miƙo hannu ba. Ta ware na alewa da kanta, ta kawo sauran.

Kasuwa ta ƙara sauka kafin ta tsaya. Watanni suka wuce babu wani abin murna. Sannan ta fara hawa a hankali. Ta sake tuntuɓe, ta sake tashi. Wan-ju ta yi nisa a sakandare, karatu ya yi yawa, ta ma daina duba wayar Mama. Sau ɗaya a shekara take kallon asusun, ranar da za ta ƙara masa kuɗi. Kafin ta kai ajin ƙarshe, ya wuce inda yake kafin ta raba shi biyu. Abin da ta rasa a kamfanin batir bai dawo ba, kuma ba ta taɓa cewa ya dawo ba.

Wata rana da yamma ta fito daga makaranta, sai ta ga tasin Kawu a bakin ƙofa. Ya ce hanya ce ta biyo da shi, ta shigo ya kai ta gida. A lokacin matarsa ba ta daɗe da haihuwar 'ya mace ba.

Suka yi tafiya yana ta hirar cunkoso da tsadar mai. Da suka tsaya a fitilar hanya, ya rage rediyo. Ya ce gwanin nan nasa, wata shekara ya ci, wata shekara ya faɗi, amma ladansa bai taɓa fashi ba. Ya ce ya zauna ya gwada da na Mama, ya ga an bar shi a baya. Sai ya yi gyaran murya, ya ce an ba jaririyar ambulan da yawa a wurin biki, kuma ba ya so ya yi wasa da su.

"Asusun nan naku, yaya ake buɗe shi?" ya tambaya, idonsa a kan titi. "Kada ki gaya wa uwarki na tambaya."

"Ita za ta raka ka banki, Kawu. Ni ban isa sa hannu ba."

Kawu ya yi nishi, ya ce shi ke nan, ya shiga uku da gori.

Wan-ju ta ce Mama ba za ta yi masa gori ba, amma ita tana da sharaɗi. Idan ya buɗe, ba zai riƙa dubawa kullum ba. Idan ya faɗi, ba zai sayar ba. Idan kuma fasinja ya ba shi sirri, ya karɓi kuɗin motarsa kawai ya sauke shi.

"Ko mai kwat ne?"

"Musamman mai kwat."

Kawu ya yi dariya har motar baya ta danna masa ham. A ƙarshen makon, shi da Mama suka tafi banki, jaririyar tana barci a kafaɗarsa.

Wan-ju ba ta daina taurin kai ba. Ta dai gane inda ya kamata ta ajiye shi. Ta koyi cewa kuɗin da ake tarawa don gaba ba a ɗora su a kan kamfani ɗaya, ba a miƙa su ga mai cire lada mai yawa, kuma ba a kwashe su don mutane sun firgita. A raba su a wurare da yawa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, a ba su lokaci. Kuma idan mutum ya san dalilinsa mai kyau ne, ya tsaya a kai ko da kowa yana yi masa dariya.